Faifan da Ban Sayar wa Mushe Tijjani Ba

Na ga kuna dariya da na ce sayar da faifai sana'a ce mai haɗari. Ku da kuke latsa waya waƙa ta fito, kun ɗauka zama ne kawai a inuwa, mutum yana jin kiɗa yana jiran ciniki. To ku gyara zama. Na shiga aikin nan tun ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, ban fita ba sai da kaset ya kashe kasuwar.

Sunana Isiyaku. A Djougou aka haife ni, gidan fataken goro. Mahaifinmu ya so in bi yayana Mudi a kan huhu da awo, amma ni hannuna ya fi son kwance abu. Ranar da na kwance agogon bangon gidanmu na kasa mayar da shi, sai ya ce tunda abin da nake so ke nan, in je in koya da kyau. Aka sa ni a mota zuwa Parakou, wurin Baba Salifu, wani mutumin Gaya mai gyaran agogo da garmaho kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda yake sayar da fayafayai a gefe.

Aikin farko da ya ba ni wanke faifai ne, kuma na daɗe a kansa kafin ya bar ni in taɓa sukudireba. Ruwan sama ake tara a kwalba, don ruwan rijiya yana barin gishiri a cikin layin. Ka jiƙa tsumma mai laushi, ka bi zagayen faifan yadda allura take bi, ba ka gicciya ba. Ka riƙe shi ta baki da tafin hannu biyu, kada yatsa ya sauka a fuskarsa. Ka jingine shi tsaye, ba ka kwantar da wani a kan wani ba. Rana kuwa ita ce babbar abokiyar gaba. Ka manta faifai a bakin taga kafin ka dawo daga azahar, ka tarar ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Akwai dabarar miƙar da shi tsakanin gilasai biyu da ɗumin hantsi, amma ba kullum take ci ba.

Garmaho na farko da na buɗe na wani mahauci ne, ya kawo shi wai ba ya ɗaukar wani. Rasor ɗin ciki ne ya tsinke, wato ƙarfen nan naɗaɗɗe da ke juya faifai. Na kai hannu zan zare shi daga gwangwaninsa, Baba Salifu ya buge mini hannu, ya nuna mini ɗan yatsansa na hagu da babu rabi. A cikin buhu ake zare rasor, don in ya kubce ya yi haukarsa a ciki. Allurar garmaho kuma ta ƙarfe ce, gefe ɗaya take yi a jefar. Marowaci yakan maimaita ta har ta cinye faifan, sannan ya dawo ya ce kai ka sayar masa da mara kyau. Da elektrofon ya shigo, wato sabon garmaho mai aiki da batir da muke kira pil, da ƙananan fayafayai masu babban rami a tsakiya, aikin ya yi sauƙi ta wani gefen, amma halin masu saye bai canja ba.

Masu saye su suka koya mini zargi. Akwai wanda zai saya yau, gobe ya dawo da tsohon nasa mai ƙarzunu a cikin rigar sabon faifan ya ce a canja masa. Akwai wanda zai zauna tun safe yana cewa sa wancan, sa wannan, har pil ya mutu, ya miƙe ya ce zai yi shawara. Akwai mai zuwa da abokai biyu, ɗaya yana ja da kai a kan farashi, ɗaya yana zura faifai a cikin babbar riga. Matan da ke haya don suna ko biki su ne masu gaskiya, amma su ma sai ka ɗaga faifan a haske a gabansu kafin su tafi da shi, ku ga tabonsa tare, in ba haka ba rigima ce.

Da Baba Salifu ya tsufa ya koma Gaya, shagon ya dawo hannuna. Na kama ɗaki a unguwar Banikanni, na riƙa zuwa Djougou cin kasuwa. Akwatin ƙarfe nake jerawa, kwali tsakanin kowane faifai, bargo a kewaye, in zauna gaba kusa da direba akwatin yana kan cinyata. Wanda ya yarda aka ɗora masa kaya a saman mota a hanyar nan ta wancan zamani, gari zai tarar.

A wannan zirga-zirga na gane fayafayai iri biyu ne. Akwai mai zafi, wanda wata guda kowa shi yake nema, kowace mashaya shi take sawa, bayan damina ɗaya ko kyauta ba mai karɓa. Akwai kuma wanda yake tafiya a hankali, amma wanda ya saye shi sai ya ji shi har ya siɗe, ya dawo ya sayi wani sabo. In na ga mutum ya sayi faifai ɗaya karo na biyu, nakan ware shi a raina.

Wanda aka fi dawowa saye shi ne na Audu Na-Gwaggo. Audu mai gurmi ne, Bahaushe, yana noman doya a Bariénou. Wani depite na yankinmu, wato ɗan majalisa, shi ya ɗauke shi ya kai shi Kwatano aka naɗi muryarsa. Gefen farko gurmi ne kaɗai yake farawa, da wani taku kamar na jakunan ayari, sannan murya ta shigo tana kiran zangon fataken goro ɗaya bayan ɗaya, tun daga Gwanja har Djougou, da rafukan da ake ƙetarewa da irin abincin kowane zango. Tsofaffin gidanmu sukan yi shiru in an sa shi. A gefe na biyu ne yake yabon Depite da kakanninsa, yana kama sunansa. Ba a buga da yawa ba. Na sayar da nawa duka, sai guda ɗaya da na bari na shago.

Sai muguwar shekara ta zo. Sojoji sun daɗe suna karɓar mulki suna bayarwa, mun saba. Amma wannan karon suka zo da sabon salo. Aka kafa kwamiti a kowace unguwa, aka ce kowa ya kira kowa kamarad, aka ce yabon sarakuna da manyan jiya cin amanar talaka ne. Depite yana cikin waɗanda aka kulle. Wani abokin sana'ata ya sa waƙar wani basarake a gidan biki a Tourou, ba da wata manufa ba, uwar amarya ce ta roƙa. Kafin a watse aka zo aka tafi da shi, aka farfasa kayansa a tsakar gidan. Ni kuwa na jiƙa tsumma na ɓamɓare takardar da ke tsakiyar faifan Audu, na ƙone rigarsa, na kai shi Djougou na ba Yaya Mudi ya ajiye.

Ana cikin haka wata safiya wani mutum ya tsayar da mobilet, ɗan ƙaramin babur, a ƙofar shagona. Dogo ne, da riga mai gajeren hannu a goge, ya rataya magneto, na'urar ɗaukar murya. A waje ya ce mini kamarad da ƙarfi, da ya shigo ciki ya sauke murya ya ce Malam Isiyaku. Ban gaya masa sunana ba. Ya ce shi Tijjani ne, daga gidan rediyo a kudu, an turo shi arewa ya shirya wani shiri.

"Malam Isiyaku," in ji shi, "a cikin fayafayan da suka bi ta hannunka shekara goman nan, waɗanne goma ne kake ganin jikokinmu za su ji?"

Tambaya ce mai daɗi, ba a taɓa yi mini irinta ba, kuma shi ya sa ban yarda da ita ba. Ma'aikacin gwamnati da na'urar ɗaukar murya, a wannan shekara, yana so in faɗi da bakina waɗanne waƙoƙi na fi so. Na kira shi yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, na ce masa, "Mushe, ni ɗan kasuwa ne. Abin da aka saya shi ne mai kyau."

Ya yi dariya, ya ja benci ya zauna, ya ce ba ya sauri.

Da na ga ba zai tashi ba, sai na fara ciro masa waɗanda babu sunan kowa a ciki. Kuma ban cuce shi ba, masu kyau na ba shi. Akwai wani na Kwango da jita take canja taku a tsakiya, har wanda bai jin ko kalma ɗaya sai ya gyaɗa kai. Akwai na Gana mai kakaki, wanda direbobin manyan motoci suka saya har ya ƙare sau da yawa. Akwai na wasu samarin kudu da suka ɗora gangunan garinsu a kan kayan Turawa. Akwai na wata mata daga Nijar tana rera da Dandanci, murya siririya, mata suna haya don daren lalle. Akwai na goge daga Najeriya, da na gangunan Bargu. Kowane na sa masa, na gaya masa su wa suke saye, su wa suke dawowa. Ya saurara ido a rufe. Na lura da yadda yake riƙe faifai, ta baki, da tafin hannu biyu. Ko dai mai son abin ne tun yana yaro, ko kuwa an koya masa kafin a turo shi.

Ya riƙa dawowa. A zuwa na uku muka kai tara, ya ce saura ɗaya, ya tambaya ko babu na gida, na nan yankin. Na ce mawaƙan nan ba su cika zuwa a naɗe su ba. Bai musa ba. Yana duba bayan wata riga, sai na ji yana kaɗa yatsa a kan tebur, yana bin takun gurmin Audu daidai, har da wurin da yake ɗan tsayawa kafin murya ta shigo. Na ci gaba da goge allura kamar ban ji ba. Da zai tafi ya ce in na tuna wani, yana masaukin baƙi.

Ranar kasuwar Djougou ban buɗe akwati ba, na nemi mota zuwa Bariénou. Na sami Audu a gona yana kafa sandunan doya. Na gaya masa akwai mai shinshina waƙarsa, ya yi hankali. Ya share gumi ya ce ai mutumin ya riga ni zuwa. Ya zo har gonar, ya zauna a kan kunya, ya roƙi a kaɗa masa gurmi. Audu ya ce masa ya daina waƙa, muryarsa ta tafi. Mutumin ya ce gurmin kaɗai ya isa, ya ɗauka a magneto, bai nemi a kama sunan kowa ba, ya yi godiya ya tafi.

Na tambayi Audu yadda ya gan shi.

"Ya san waƙar ta ciki," in ji shi. "Ya san inda nake jan numfashi. Ba a rana ɗaya ake sanin wannan ba. Amma kai ma ka sani, wanda za a turo ai ba za a turo jahili ba."

Ya ce kada in fasa faifan, don ba zai sake yin irinsa ba, amma in an tambaye ni, ban san gonarsa ba.

Na koma wurin Yaya Mudi na kwashe duka na gaya masa. Fataken goro suna da ɗan'uwa a kowane gari, babu gidan da ba za su iya gano asalinsa ba. Ya ce in ba shi lokaci. Da na dawo wata kasuwar, ya kira ni cikin ɗakin goro ya ce an bincika. Tijjani ɗan ƙanwar Depite ne. A gidan Depite ya tashi, shi ya sa shi lakwal, wato makarantar boko. Ranar da aka kama kawun nasa an kwashe komai na gidan, har fayafayai. Kuma gaskiya ne yana aiki a gidan rediyo, kuma gaskiya ne duk inda ya je sai ya koma ya ba manyansa rahoto, don ba a barin ɗan irin wannan gida a bakin aiki sai ya nuna ya juya wa gidan baya.

Na ce, "To Yaya, in ya shigo shagona, wanne ne a ciki? Ɗan gidan ko ɗan rahoto?"

Ya ce, "Isiyaku, ƙila shi kansa bai sani ba."

Na karɓi faifan na dawo da shi Parakou. Sayarwa dai ba zan yi ba, miƙawa hannu da hannu ma ba zan yi ba, don duk wanda ya miƙa shi ne mai laifi. A ƙarƙashin teburina akwai wani kwali da nake zuba fasassu da lanƙwasassu. Na sa shi a tsakiyarsu, ba riga ba takarda. Shi kaɗai ne lafiyayye a ciki, mai ido zai gane.

Mushe Tijjani ya zo gab da azahar, ya ce jibi zai koma kudu. Muka taɓa hira har aka kira salla. Na ɗauki buta na ce masa zan je masallaci, ya tsare mini shago. Na nuna kwalin da ƙafa na ce tarkace ne, in yana so ya rage zaman banza ya duba. Na fita, na yi salla, na tsaya gaishe-gaishe fiye da yadda na saba.

Da na dawo ba shi ba mobilet. An jawo ƙofa an sakaya. Na taɓa elektrofon na ji da ɗumi, an murɗe muryarsa har ƙasa. Faifan yana cikin kwali inda na sa shi, sai dai an goge shi an naɗe shi da farin hankici. Bai tafi da shi ba. Na fito na duba hagu da dama. Telan da ke jikin shagona, wanda kekensa ba ya tsayawa ko da azahar, ya yi tsit, yana zare a allura bai ɗago ba. A tsallaken hanya kuma matar shugaban kwamitin unguwa tana kan kujerarta tana sayar da fura, fuskarta tana kallon ƙofata.

Ban jira ba. Na rufe shago na bi motar la'asar zuwa Djougou da faifan a cikin rigata. Yaya Mudi bai tambaye ni komai ba, ya karɓa ya shiga da shi ciki.

Bayan 'yan makonni jandarmomi suka zo. Sun yi sallama, ba su ɗaga murya ba. Ba su kalli kanta ba, ba su buɗe akwati ba, kai tsaye suka durƙusa suka jawo kwalin ƙarƙashin tebur. Suka zazzage shi, duk wanda zai iya juyawa suka sa a elektrofon suka saurara. Da ba su sami abin da suke nema ba, suka tafi da ni. Na wuni a kan benci ana tambayata faifan Audu. Na ce na taɓa sayar da shi shekarun baya, direbobi sun kwashe. Da yamma suka sake ni, amma elektrofon da rabin kayana suka ce za a bincika. Har yau ana bincikawa. Shekarar nan da gyaran agogo da rediyo na ci abinci, masu saye suka ɗauke ƙafa, don ba mai son a gan shi a shagon da jandarma ya shiga.

Wa ya gaya musu kwalin? Mutum uku ne za su iya. Tela ya ji kiɗa ta bango, kuma ya san kwalin, don yakan zo aron sukudireba. Mai fura ta ga baƙo shi kaɗai a shagona yana durƙusawa. Sai shi Mushe. Telan bai sake haɗa ido da ni ba har ya tashi daga wurin, amma kowa a layin haka ya yi. Ban tambayi ko ɗaya ba.

Shirin ya fito a rediyo da rani. Na ji muryarsa, ya sa tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da na gaya masa a kan kowane, bai ambaci sunana ba. Da ya zo na goma sai ya ce akwai wani kiɗa na arewa da bai sami faifansa ba, ya sa gurmin da ya ɗauka a gona, ba murya, ana jin kukan kurciya a bayansa. A Djougou duk wanda ya ji ya san waƙar wa ke nan, ya kuma san abin da ke gefe na biyu. Yaya Mudi ya ce wannan ya wanke shi, don ɗan rahoto ba zai sa wuyansa haka ba. Ni na ce ƙila so ake masu faifan su saki jiki su fito da shi. Muka bar maganar a nan.

Shekaru suka wuce. Mulkin ya sauka, aka daina kamarad, Depite ya fito ya rasu a gidansa, kaset ya zo na koma gyaran rediyo gaba ɗaya. Ranar da aka aiko Audu Na-Gwaggo ya cika, na tafi Bariénou jana'iza. Ana jiran a fito da gawa, wani dattijo mai furfura da sanda ya matso kusa da ni ya yi sallama. Sai da ya ce Malam Isiyaku na gane muryar. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya ce ya daɗe da barin aiki. Sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Yana nan?"

Na ce, "Me ke nan, Mushe?"

Ya dube ni ya daɗe. Ya gyaɗa kai ya ce da shi ne a matsayina, amsar da zai bayar ke nan. Liman ya ce a daidaita sahu, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muka sallaci Audu.